Littafin Da Baba Aondowase Ya Ɓoye A Rumbun Doya

Kun taɓa ganin mutumin da ko sunansa bai iya karantawa ba amma shi ne ke gaya wa 'yan jami'a littafin da za su fara da shi? To akwai shi a nan Lafia, a kasuwar doya, rumfa ta ƙarshe kafin ka kai inda masu baro ke jingine baronsu, sunansa Baba Aondowase, don Allah ku daure ku karanta har ƙarshe kar ku wuce.

Shi dai ɗan Tibi ne, dogo, ya ɗan ranƙwafa, shekara saba'in ko ta ɗara, hular ulu a kansa ko da zafin Maris ne. A wani ƙauye can gefen Awe aka haife shi, noman doya ya buɗi ido ya gani, bai taɓa zama a aji ba ko na rana ɗaya. Shekarar da rikici ya tashe su daga ƙauye ya shigo Lafia da ƙafa, shi da matarsa da 'yarsa guda ɗaya tilo, Wandoo, da buhun irin doya a ka. Komai ya bari, tukwane, keke, akuya, amma iri bai bari ba, ya ce wanda ya gudu ba iri bai tsira ba, ya dai ɗaga ranar mutuwa ne kawai. Ya samu ɗan fili a Akurba ya kafa ɗaki da rumbu, ya kama rumfa a kasuwa. Ba a daɗe ba matar ta rasu, suka rage su biyu.

Wandoo ta yi aure ta tafi Keffi, ta haifi 'ya mace aka sa mata Ngunan. Auren bai yi ƙarko ba, da aka yaye yarinyar dangin uba suka ce 'yarsu ce, suka riƙe ta, Wandoo ta dawo Lafia hannu rabbana. Wata uku tana zaune a bayan rumfar babanta ba ta magana, ko ciniki aka zo sai ta kalli mutum kawai. Sai rannan ta sayo littafin zane irin na 'yan makaranta da biro biyu, baƙi da ja, ta fara zane a kan gwiwarta.

Abin da ta zana shi ne Hana Shuka, komik ne, wato labari da hotuna, mutane na magana rubutun na fitowa daga bakinsu, kuma da Hausa ta yi shi tunda ita ce kowa ke ji a kasuwa. Labarin Lafia ce bayan shekara ɗari. Wasu mutane da ake ce wa Masu Rumbu, fuskarsu rufe da ƙarfe, sun kwashe duk wani iri na duniya sun kulle, doya, masara, riɗi, har 'ya'yan kuɓewa, duk wanda aka kama da ƙwaya ɗaya sai a yi masa tambari a hannu a kai shi aikin gishiri har ya mutu. Abinci kuwa wani ƙullu ne ruwan toka da ke fitowa daga famfo, ka yi layi ka tara kwano. A cikin wannan duniya akwai wata mata Zulfa da ke yawo da kan doya goye a bayanta kamar jariri, tana neman ƙasar da ba a sa wa ido ba ta shuka shi. Littafi goma sha tara Wandoo ta yi a shekara uku, na ƙarshen a zanen fensir ya tsaya, rabinsa fari fat, don ciwo ya kwantar da ita ta rasu a 2009. Lokacin Ngunan na shekara biyar, ba wanda ya kawo ta jana'iza.

Maƙwabcin Baba a kasuwa shi ne Malam Mahmuda mai shagon fotokofi, ɗan asalin garin nan, sun fi shekara ashirin suna tsokanar juna. Bayan rasuwarta shi ya kwafe littattafan ya ɗinke su, Baba ya zuba su a akwatin ƙarfe ƙarƙashin teburin doya, ya ajiye benci. Wanda ke so ya zauna ya karanta nan. Haka abin ya bazu, 'yan achaɓa, mata 'yan kasuwa, ɗalibai, har wani lauya yana zuwa da mota.

To kowa ya zo sai ya ce a ba shi na ɗaya, ai haka ake fara komai. Baba sai ya ce babu na ɗaya. Sai ya kalle ka tun daga takalmi har kai, ya yi maka tambaya guda, me ka taɓa rasawa? Amsar da ka bayar ita za ta nuna wanda zai ciro maka, kuma ba lamba yake dubawa ba, hoton bango ya sani.

In kai mai zafin jini ne, ka ce ba ka rasa komai ba sai lokaci, na huɗu zai ba ka. Nan ne Zulfa ke ratsa shingen Masu Rumbu da doya a baya, mai gadi ya ce ta sauke jaririn ya ga fuska, ita kuma ta ce barci yake, shafi takwas ana wannan tsayuwar, wallahi sai ka ji numfashinka ya tsaya. Ba sai ka san komai ba kafin nan, shi ya sa yawanci da shi ake farawa. Manomi ko wanda ya taɓa barin gidansu ba da son ransa ba, na bakwai ne nasa. Shi ya koma baya ne, ranar da Masu Rumbu suka fara zuwa, ba bindiga ba tsawa, da murmushi suka zo suka ce ku kawo irinku mu adana muku kar ƙwari su ci, mutane suka kai da hannunsu har suna godiya. Wani dattijo daga Ashige ya karanta shi ya rufe, sannan ya ce yarinyar nan ta ga abin da bai kamata ta gani ba. Matan kasuwa kuma na goma sha ɗaya yake miƙa musu, inda tsofaffin mata ke taruwa a ɓoye suna koya wa yara sunayen abincin da ba su taɓa gani ba, sakwara, miyar ɗanyen kuɓewa, kunun gyaɗa, yaran na maimaitawa kamar karatu. Wannan akwai ɗan ban dariya a ciki, shi kaɗai ma. Na biyu da na uku ya ce ba na baƙo ba ne, za ka ruɗe, sai ka saba da mutanen ka dawo musu. Na goma sha shida kuwa ba ya ba kowa a farko sai wanda ya binne nasa kwanan nan, kuma in ya ba ka shi sai ya juya maka baya ya shiga jera doya don kar ka ji kunya.

Amma duk wanda ya gama sai ya dawo da tambaya ɗaya, me ya sa Zulfa ke goya doya, me ya sa take yi mata waƙa? Baba ya ce amsar na cikin na ɗaya, na ɗaya kuma iri ne, ba a cin iri.

Ga yadda aka yi. Da Wandoo na raye na ɗaya ya yi yawo hannu da hannu kamar sauran. Da ta ga jikin ya ƙi sai ta karɓe shi, ta naɗe a ɗankwalinta ta ƙulle da hannunta, ta ce Baba wannan iri ne, ka ajiye wa Ngunan, ita za ta kwance. Shi kuma da ya ji an ce iri sai ya yi masa abin da ubansa ya koya masa a yi wa iri. Ya kai shi rumbun doya a Akurba, ya barbaɗa toka, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa ya ɗora ya rufe da wata, a inuwa inda iska ke shiga. Bai sa a leda ba, bai sa a akwatin ƙarfe ba, don iri in bai sha iska ba zufa yake yi ya ruɓe. Duk shekara bayan an haƙe doya sai ya canza ciyawar sama ya ƙara toka, amma ƙullin bai taɓa kwancewa ba, ko ɗaga shi ba ya yi.

Malam Mahmuda ya yi magana har ya gaji.

“Baban Wandoo, takarda fa ba doya ba ce. Kawo in sa a inji, minti biyar ka mai da abinka.”

“Malam, kai ka san takarda, ni na san iri. Mai kwance shi tana Keffi.”

“Kai da doyar nan, ranar da ka mutu ma a kunyar doya za mu binne ka mu ga ko za ka tsiro.”

“Zan tsiro mana. Kai ne in an shuka ka sai tawada ta fito.”

Haka suke ƙarewa kullum da dariya, littafi na nan a rumbu. Shekara goma sha biyar.

Sau nawa Baba ya aika Keffi ba amsa, shi ma ya je sau biyu aka ce yarinya na makaranta. Abin da ke cin ransa shi ne ya ji labarin abin da aka gaya mata, wai uwarta ce ta tafi ta bar ta, ta zaɓi zane a kan 'yarta, ko leƙowa ba ta taɓa yi ba. Ya ce ba ya tsoron mutuwa, tsoronsa ya mutu yarinyar na riƙe da wannan maganar, don in ya tafi ba sauran wanda zai gyara ta.

Watan Oktoban da ya wuce Malam Mahmuda ya samo lambar Ngunan wurin wani ɗalibi ɗan Keffi da ya zo kwafar takardu. Ya kira. Ta ce ta samu makarantar koyon jinya a nesa, ranar Asabar za ta ratsa ta Lafia, za ta tsaya daga ƙarfe goma, motarta ta ƙarfe uku ce, ba za ta wuce haka ba.

Ranar Baba ko tabarmar doya bai buɗe ba. Ya sa rigar coci, ya yafa zanen Tibi mai baƙi da fari, ya sa an daka sakwara tun safe, ya share benci sau uku. Goma da rabi sai ga ta, shekara ashirin, siririya, da tabarau, tafiyar Wandoo sak har yadda take karkata kafaɗa. Baba ya miƙe. Ita kuma ta ce ina kwana sa, kamar mai gaida hedimasta, ta zauna a bakin benci jaka a cinya. Sakwara ta ce ta ƙoshi. Ya yi mata Tibi, ta ce ba ta ji sosai, sai suka koma Hausa. Ya so ya tsokane ta irin na kaka da jika, ya ce amaryata ta zo ba ta kawo min ko goro ba, ba ta yi dariya ba.

Ta kalli akwatin ƙarfen ta ce, “An ce min ita zane ta zaɓa. Na zo ne kawai in ga abin da ya fi ni.”

Mutumin da ya zaɓar wa ɗaruruwan mutane littafi, rannan hannunsa ya tsaya a kan murfin akwati. Tambayar da yake yi wa kowa ba ta tambayuwa a nan, ya san amsar. Sai ya ce nata ba ya cikin akwati, yana gida. Malam Mahmuda ya ja ƙofar shagonsa ba wanda ya ce ya zo, suka tari Keke mai ƙafa uku su ukun sai Akurba.

A rumbu Baba ya durƙusa ya janye ciyawa a hankali, ɗankwalin na nan, shuɗi, ya koɗe, ƙullin na nan yadda ta yi shi. Da ya ɗaga sai ya ji ƙasan ya manne da katako, kuma nauyin ba na takarda ba ne. Ya fito da shi tsakar gida ya ɗora a faifai ya tura gabanta. Ta sa yatsa ta kwance.

Jar ƙasa ce ta zubo. Gara ta shiga ta ƙasa, ta inda ba ya dubawa, ta ci ta yi gini a ciki, Allah kaɗai ya san damina nawa. Littafi mai shafi arba'in abin da ya rage bai fi a cika tafin hannu biyu ba, gutsattsari kamar ganyen da tsutsa ta gama da shi, nan rabin fuska, can ƙafa, can kalma biyu.

Baba ya zauna a ƙasa da rigar cocinsa. Ya cire hular ulun nan da ba wanda ya taɓa ganin ya cire. Ya ce toka ya sa, ciyawa ya sa, duk abin da ake yi wa iri ya yi. Malam Mahmuda da ya shekara goma sha biyar yana faɗa, ko kalma ɗaya bai tuna masa ba, ya durƙusa ya fara tsince gutsattsarin yana hure ƙasa yana jerawa a faifai.

Ngunan ta kakkaɓe siket ɗinta ta duba waya, sha biyu ta wuce. Ta ce ba komai sa, dama ba ta sa rai ba, bari ta koma tasha.

“Zauna,” in ji Baba. “Ban iya karatu ba, amma sau uku ta karanta min shi a nan inda kike tsaye. Gara ba ta shiga kaina ba tukuna.”

Ta zauna a kan turmi. Ya fara, Hausarsa na gauraya da Tibi. Ya ce a na ɗaya Zulfa ba doya take goyo ba, 'ya gare ta. Shekarar da Masu Rumbu suka gama kwashe iri sai suka ce yara ma iri ne, a kawo su a adana. Aka kwance yarinyar daga bayanta ranar da aka yaye ta. Bayan nan Zulfa ta kasa tafiya, in ta miƙe sai ta faɗi ta gaba, don bayanta ya saba da nauyi, sai wata tsohuwa ta ba ta kan doya na ƙarshe da ya rage a garin ta ce goya wannan ki samu ki tsaya. Ya ce sai Zulfa ta ɗora tire a ka ta yi shigar mai talla ta je ƙofar Rumbu, ba don ciniki ba, don ko za ta hango 'yarta ta tsakanin ƙarfe, aka kore ta, ta koma, aka kore ta, ta sake komawa.

Yana faɗa Malam Mahmuda na turo guntun da ya dace. Da aka zo nan ya turo wani mai faɗin yatsa uku, da jan biro aka zana shi, saman get ne, an yi masa ado da tsuntsayen ƙarfe biyu suna kallon juna, ɗaya ba kai.

Ngunan ta cire tabarau ta kawo shi kusa da ido. Ta daɗe. Sannan ta ce wannan get ɗin gidansu ne a Keffi, kan tsuntsun ya karye tun kafin a haife ta, har yau ba a gyara ba. Baba ya ce shi bai taɓa lura da get ba, abin da ya sani sau uku Wandoo ta ɗauki doya daga rumfarsa ta shiga motar Keffi, sau uku ta dawo da doyar ba ta taɓa ko ɗaya ba.

“Na tuna wata mai doya,” Ngunan ta ce, a hankali kamar da kanta take. “Ina wasa a bakin famfo. Ta tsaya tana kallona ba ta ce a saya ba. Aka ce in shiga ciki.”

Ba ta yi kuka mai ƙara ba, ta dai riƙe ɗankwalin nan mai ƙasa a cinya ta ƙi saki. Can ta ciro waya ta danna rikodin ta ajiye kusa da gwiwarsa ta ce ya sake daga farko, kar ya tsallake komai. Ya sake. Wuri ɗaya ya tsaya, waƙar da Zulfa ke yi wa doya, ya ce yana jin muryar a kunnensa amma kalmomin sun tafi, da wani abu da ya faru a tsakiya tsakanin Zulfa da tsohuwar, shi ma ya ɓace masa. Ya dafe kai ya yi ya yi bai zo ba.

Biyu da rabi suka koma kasuwa don tasha na kusa. Ta ci sakwarar nan da ta huce, loma huɗu ko biyar, a tsaye. Sannan ta tsaya gaban akwatin ƙarfe ta ce, “Kaka, to daga wanne zan fara?”

Malam Mahmuda ya juya yana gyara ƙofar shagonsa da ba abin da ya same ta. Baba ya buɗe akwati, ya wuce na huɗu, ya wuce na bakwai, ya ciro na biyu, wanda bai taɓa ba baƙo ba tunda ya ajiye benci, ya ce ke kin riga kin fara, ci gaba za ki yi. Littafin da ba ya barin rumfa ya sa mata shi a jaka da hannunsa. Ta shiga motar uku kamar yadda ta ce, da ɗankwalin, ta ce hutun Disamba za ta zo ta karɓi na uku, kuma tana son waƙar.

Yanzu gutsattsarin na wurin Malam Mahmuda, ya manna su a farar takarda ya sa a leda ya kulle a durowa, Baba bai yi musu ba. Kullum yana nan rumfarsa yana tambayar mutane abin da suka rasa, amma duk wanda ya haura shekara talatin da biyar sai ya ƙara masa da wata, ko ka taɓa karanta na ɗaya lokacin Wandoo na raye?

Shi ya sa aka rubuta wannan. Littafin ya yi shekara uku yana yawo a Lafia daga 2006 zuwa 2009, dole akwai wanda ya riƙe shi a hannu, wata ƙila yanzu yana Abuja ko Makurdi ko Jos, wata ƙila mamanku ce ko yayanku. Ko layi ɗaya na waƙar mutum ya tuna, ko abin da tsohuwar ta ce wa Zulfa, ya zo kasuwar doya rumfa ta ƙarshe, ko ya faɗa wa Malam Mahmuda mai fotokofi ya rubuta. Disamba ta kusa, Baba kuma ƙafarsa ta fara kumbura. Don Allah kar ya tsaya a wayarku, ku tura wa duk wanda ya taɓa zama a Lafia, ku sa a gurup ɗin unguwa da na coci da na masallaci da na tsofaffin ɗalibai, har ya kai ga mai waƙar.